Tukunyar Inna ta Uku

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Inna ta shirya. Ni ne na ɓata mata shirin, kuma dalilin wannan rubutu ke nan.

Ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakin hayar da muke zaune a Gummi, shekara biyu da 'yan watanni bayan mun baro ƙauyenmu da ke bayan Zugu. Kafin azahar an kai ta. Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suka zazzauna. Ba zan ce ba su kyauta ba. Kowa ya zo ya ɗaga hannu an shafa fatiha, ya ce Allah ya jiƙan tsohuwa, sannan ya gyara zama a shiga hirar tsadar taki da wace hanya ke biyuwa a wannan makon. Tsohuwa suke cewa domin ba su da abin da za su ƙara a kai. Mutanen Gummi ba su san Inna ba. Abin da suka sani wata 'yar gudun hijira ce mai zama a bakin ƙofa da carbi, wadda ba ta shiga harkar kowa.

A cikin gida kuwa abin da ya faru ya fi wannan ciwo. Tun kafin a gama wanka na aika kasuwa aka sayo rabin buhun gishiri, mai ɗakina ta ƙulla shi a ƙananan ledoji, duk macen da ta shigo gaisuwa a miƙa mata ɗaya. Wata ta juya ƙullin a hannu ta ce, “Gishiri kuma, gidan rasuwa? Halan al'adarku ta can ta?” Wata ta tambaya ko na tofi ne. Wata ta karɓa ta yi godiya kamar yadda ake yi wa mai taɓin hankali godiya, don a rabu lafiya. Da aka naɗe tabarmi da la'asar, mai ɗakina ta tsince ledojin da aka bari a ƙarƙashi, suka cika kwano.

Washegari Goggo ta iso daga Anka, inda ita ma gudu ya ajiye ta. Ƙanwar mahaifina ce, katanga ɗaya ta raba ɗakinta da na Inna sama da shekara arba'in, kuma ban taɓa ganin ranar da suka wuni ba su yi cacar baki ba. Ta shigo ba kuka, ta zauna inda Inna ke zama. Mai ɗakina ta durƙusa ta miƙa mata nata ƙullin. Goggo ta kwance shi, ta dangwala da ɗan yatsa ta kai baki, sannan ta sa aka kira ni.

“Auta, wanga na wa na?”

Na ce, “Na Inna ne, Goggo. Sadakarta.”

“A'a. Wanga naka na, Allah shi ba ka lada. Ina nata?”

Mata cike da tsakar gida. Na tsaya da hula a hannu, ina da shekara arba'in da 'yan kai. Babu wanda ya gane tambayar a wurin sai ni da ita da mai ɗakina.

Tukwanen gishiri uku Inna take da su, a jere bayan murhu, kowace a kan duwatsu uku don kada gindinta ya taɓa ƙasa. A ƙarƙashinsu toka, a cikin kowace kuma 'yan ƙwayoyin gawayi a ƙulle cikin tsumma. Ta zaɓi wurin ne saboda ɗumin wuta na kai musu safe da yamma. A marka, lokacin da gishirin kowa ke gumi yana dunƙulewa, wani ma ya zama ruwa a gindin kwano, na Inna yana nan a warware kamar gero.

Sau ɗaya take sayen gishiri a shekara, bayan ruwa ya ɗauke, idan ta roro waken gayaunarta. Da ƙafarta take zuwa kasuwar Bukkuyum, ba ta aiken kowa. Sai ta dunƙula gishiri a hannu ta buɗe. In ya tsaya dunƙule, ta watsar ta wuce gaba tana faɗa wa mai kayan cewa ruwa yake sayarwa. Masu gishirin kasuwar sun san ta, wasu har juya baya suke yi in sun hango ta. In ta kawo shi gida sai ta shanya a tabarma kwana uku, ta zauna gadi da tsumagiya saboda awaki, sannan ta daka a wani ɗan turmi da ba a daka komai a cikinsa sai gishiri. Ludayin ɗibarsa ma daban yake, na duma, a rataye jikin ƙusa. Cokalin ƙarfe ba ya shiga tukwanen nan, jiƙaƙƙen hannu ba ya shiga. Mai ɗakina tana amarya ta taɓa tsoma hannu bayan ta wanke kuɓewa, kuma har Inna ta bar duniya ba ta daina tuna mata ba.

Tukunyar farko ta miya ce, amma ba miya kaɗai ba. In maƙogwaro na ciwo, ruwan ɗumi da gishiri. In lauje ya yanke ka, a wanke da shi kana ihu tana cewa ai shi ne maganin. Haƙora kuwa da shi da gawayi muke gogewa. Daga ita maƙwabta ke ɗiba, kuma Inna ba ta karɓar ramuwa. Wadda ta dawo mata da gishiri sai ta ce ta raina ta. Ta biyu mai tsakuwa-tsakuwa ce, ta naman layya da fata da dabbobi. Duk Juma'a takan barbaɗa wa shanunmu a dusa, a nan bakin madafa, har suka saba. Da sun dawo kiwo ranar, can suke nufa ba sai an kora su ba. Matan Fulani masu kawo nono ma da shi take musu musaya, a lokacin da suke shigowa gidanmu su zauna a sha hira har rana ta karkata. Yau in na faɗa wa 'ya'yana haka, kallona suke yi kamar ina tatsuniya.

Ta uku ita ce ba a taɓawa. An rufe ta da kasko an liƙe bakin da yumɓu. Wannan gishirin mutuwarta ne. Haka mahaifiyarta ta yi, haka ita ma ta ɗauka: ranar da ta rasu a fasa liƙin, duk macen da ta zo gaisuwa a ba ta cikin ludayi guda. Na taɓa ce mata, cikin wasa, mutane na ajiye likkafani da turare, ita ta rasa abin ajiyewa sai gishiri.

Ta ce, “Kai mi kas sani? Goro mutum guda ka tamne shi, shi tohar. Ludayin gishiri kau, in mace ta kai gida, kwana nawa tana sa ma miya? Miji shi ci, ɗiya su ci, baƙo shi ci. Duk wanda yal lasa ina da rabo. Kuma duk sadda tab buɗe ƙullin sai ta ce, wanga na wance na, Allah shi jiƙan ta.”

Sharaɗi ɗaya gare shi: ya zama daga guminta. Ba na miji ba, ba na ɗa ba. Waken da ta shuka da hannunta shi ke sayo shi. Kowace kaka sai ta fasa liƙin, ta juye tsohon a tukunyar miya, ta cika da sabo, ta sake kwaɓa yumɓu tana cewa, “To, bana ma ban tahi ba.” Goggo kuwa sai ta leƙo ta kan katanga ta ce, “Ke dai kin cika saɓa alkawari. Shekara nawa nike jiran ludayina?” Inna ta ce, “Ke rabi za a ba ki, dangin miji.” Haka suke yi duk shekara, kalma ba ta canzawa.

Inna ba mai sanyin hali ba ce, kuma ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba. Shekarun da zinare ya ɓulla a yankinmu, kowane gida ya koma wurin dakan dutse. Yayana, babban ɗanta, yana cikin waɗanda suka shiga da ƙarfinsu. Wata rana turamen gida duk suna cikin aiki, sai ya ɗauki ɗan turmin gishirin Inna ya daka dutsensa. Ta dawo daga rijiya ta tarar. Ta shiga ɗaki ta ɗauko gatari, ta faskare turmin gida biyu a gabansa da gaban abokan aikinsa, ta cusa a murhu. Wata guda ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ba don ta san wata gubar dalma ba ne, a lokacin babu wanda ya sani. Tsakuwa ce kawai ba ta so a gishirinta.

Bayan nan ne yara suka fara sanƙarewa suna mutuwa, a Yargalma da garuruwan kewaye, har abin ya iso mu ya ɗauki 'yar Yaya mai shekara biyu. Masu magani suka zo suka ce ƙurar dutsen ce, aka kankare ƙasar gidaje aka kwashe. Inna ba ta taɓa tayar da zancen turmi ba, ko sau ɗaya. Yaya ma bai iya ba da haƙuri da baki. Abin da ya yi, ya sayo kwanon rufi ya cire bunun madafarta ya rufa mata. Ta fito ta tsaya tana kallon rufin, hannu a ƙugu, ta ce, “To, yanzu damina ta yi abin da taka so.” Daga ranar ta ci gaba da amsa gaisuwarsa kamar ba a yi komai ba.

Shekarar da aka rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindigar da muke kira mutanen daji, gishiri ya yanke a ƙauyenmu. Abin da ba a taɓa lissafawa cikin abinci ba, sai ga shi ya gagara. Mata suka yi ta sallama a gidanmu da 'yan ƙoƙuna. Tukunyar farko ta ƙare. Inna ta daka ta biyu, ta dabbobi, ta rabar, ita ma ta ƙare. Sai idanu suka koma kan ta uku. Nan ta kafe. Aka yi ta magana a bakin rijiya, ana cewa gari na cin miya lami ita tana gadin gishirin mutuwa. Waɗanda suka cinye tukwane biyu a hannunta su ne suka sa mata suna mai rowa. Ni ma na sa baki, na ce ta buɗe a huta da surutu. Ta ce, “Miya lami ba ta kashe kowa. Ku ci hakanan.” Mu ma a gidan haka muka ci.

Amma da jaririn wata maƙwabciyarmu ya kama amai da gudawa, idonsa ya faɗa, ga hanyar asibiti ba ta biyuwa, ba wanda ya roƙi Inna. Ita ta ji, ta tashi ta sa gindin taɓarya ta fasa liƙin. Ta tafasa ruwa, ta haɗa da ɗan sukarin da ya rage mata yadda ma'aikatan lafiya suka koya musu, ta zauna tana ɗura wa yaron da kanta kwana biyu. Yaron ya tashi. Ranar da ta fasa, a ranar ta sake liƙewa, sunan rowa kuma bai bar ta ba. Uwar yaron ban san inda gudu ya kai ta ba, ban ma san ko ta ji rasuwar ba.

Ranar da muka bar ƙauye, da hantsi labari ya zo cewa an ga mutanen sun taru a ƙetaren rafi, kuma wannan karon ba dabbobi kaɗai suke nema ba. Shanunmu dama sun riga sun kore su tun watanni baya. Na tura mai ɗakina da yara a motar wani mai ɗaukar hatsi, ya rage ni da Inna da babur ɗina. Ni tela ne. Na zauna na kwance kan kekena na ɗinki, ƙusa bayan ƙusa, na naɗe shi a bargo na ɗaure a bayan babur. Da na ɗago sai na ga Inna a ƙofar madafa, riƙe da buhun da babu komai a ciki.

Ta ce, “Ba tukunyar nic ce ba, na san ba ta ɗaukuwa. Hwasa mani in juye cikin wanga, in aza bisa cinya.”

Na ce babu lokaci. Na ce rai ake ta kai tana zancen gishiri. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba, na ce gishiri ko'ina akwai shi. Ta dube ni, ta dubi kan keken da ke ɗaure, ta ninke buhun ta ajiye a kan murhu. Na ce da abin ya lafa zan dawo in ɗauko mata, na rantse. Ta ja ƙyauren madafa ta ɗaure da igiya, ta hau.

A bakin masallaci muka tsaya jiran sauran jama'a don a tafi a ayari. Mun fi awa biyu a tsaye a wurin. Gidanmu yana nan, ana hango kwanon madafar daga inda muke. Girman kai ya hana ni juyawa.

A Gummi Inna ta zama baƙuwa. Gishiri a 'yar leda ake sayo mana daga shago, a ajiye a kan taga, damina ta yi ya jiƙe, mai ɗakina ta matso shi kamar kunu. Inna takan kalla ta kawar da kai. Ba gayauna, ba wake, ba abin da za ta ce nata ne. Na ce zan saya mata tukunya da buhu guda ta sake ajiyewa. Ta ce, “Da kwabon wa?” Ban sake tayar da maganar ba. Tambaya ɗaya take yi mini, duk lokacin da hadari ya haɗu: “Auta, yaushe za ka?” Ni kuma amsata ɗaya, hanya ba kyau. Sau da yawa gaskiya ne.

Amma sau ɗaya hanya ta yi kyau, kuma na je. Wannan ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Goggo da Yaya, yanzu kuma ga shi ina rubutawa. A ranin farko an samu ɗan sauƙi, mutane na shiga da rana suna kwaso abin da ya saura. Ina neman inda zan kafa rumfar ɗinki a bakin kasuwa, ga kwano ya yi tsada. Sai na tuna da rufin madafar Inna. Muka je da wani mai a-kori-kura, mu huɗu, kowa da abin da ya je ɗauka. Na hau na ɓanɓare kwanon nan tas. Ina daga sama ina ganin tukunyar a ƙasa, a kan duwatsunta, liƙinta lafiya lau. Na ce bari in gama ɗaure kwano in sauko in juye. Kafin in gama aka ji ƙarar babura daga nesa, direba ya ta da mota, kowa ya ɗare. Ƙarar ma ashe ta wasu 'yan ƙauyen gaba ce masu irin tamu hidimar. A hanya na lallashi kaina da cewa tukunya a liƙe take, me zai same ta. Ni da na tashi ina ganin ana kwaɓa liƙin nan da ruwa, ban tsaya na tuna cewa ruwa ne zai warware shi ba.

Da na dawo ta ga ƙura a jikina ta gane. Ta ce, “Ka gane ta?” Na ce na gan ta, tana nan lafiya, mota ce ta cika. Ta ce, “Ruhin hwa, bai yoyo?” Na ce ko ɗigo. Ta yi hamdala. Damina biyu ta yi tana hamdala da rufin da ni nake zaune a ƙarƙashinsa ina taka keke. Ta sha wucewa ta gaban rumfar in za ta asibiti, ba ta taɓa ɗaga kai ba, ko kuma ta ɗaga ta yi shiru. Wannan ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Kwana uku kafin ta cika, tana kwance, ta kira ni da hannu. Ta ce, “In ta hwaru, ludayin na nan ga ƙusa. Cike za a yi, ban da rabi. Goggonka ma a cika mata.” Na ce to.

Duk wannan na zayyana wa Goggo a daren farko da ta kwana... a'a, ban iya ba sai da gari ya waye, bayan an sha koko, muna zaune mu biyu a bayan ɗaki. Ta saurara har na gama. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, “Bayan bakwai ka tahi ka gano. Abin da ka iske, ka kawo.”

Na bi manoman da ke shiga da safe su fito kafin la'asar. Ƙauyen ya zama kango, ciyawa har ƙugu a inda muke sallar Idi. Ƙyauren madafa yana ƙasa, bangon gabas ya zube. Tukunyar farko da ta biyu suna nan a kife. Ta uku ta tarwatse, kuma ban sha wahalar karanta abin da ya faru ba. Ruwa ya narkar da liƙin, ya cika tukunya, gishiri ya bi ruwa ya tsiyaye cikin ƙasa. Daga baya shanu suka shigo. Ga sawun kofato ko'ina, ga kashinsu ya bushe. Sun ture tukunyar, sun lashe fasasshiyar katangarta har ta yi santsi, sannan suka bi ƙasar wurin da lasa har suka yi rami mai faɗin faifai, mai zurfi kamar kaskon tuya.

Babu mai kiwo a wannan dajin yanzu sai mutanen da suka kore mu, kuma shanun da ke hannunsu namu ne da na maƙwabtanmu. Ina jin har da waɗanda Inna ta saba wa gishirin Juma'a, don su ba sai an nuna musu ƙofar madafar ba. Shekara da shekaru tana tara abin da za a tuna ta da shi, ƙarshe dabbobin ɓarayi ne suka ci. Na zauna a kan dutsen murhu na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Haushin mutanen daji nake ji, amma ba su ne suka cire rufin ba.

Ludayin yana nan a jikin ƙusa, rana ta sa ya koɗe. Na cire na sa a aljihu. Na dangwali ƙasar ramin na kai baki, sai na ji ɗan ɗanɗano can ƙasa-ƙasa. Buhun da Inna ta ninke ta ajiye a kan murhu ya riga ya ruɓe, sai na tuɓe rigata ta sama, na kankare ƙasar da katangar tukunya, na ƙulle na ɗaure a bayan babur, daidai inda kan keke ya zauna waccan ranar.

Goggo ta karɓi ƙasar ba ta yi mamaki ba. Ta samo tsohuwar tukunya ta huda gindinta, ta shimfiɗa ciyawa da tsumma, ta zuba ƙasar tana tsiyaya ruwa a kai, yadda suke tace ruwan toka. Ta tace, ta sake tacewa, ta tafasa a kasko har ya ƙafe. Kwana uku tana wannan aikin, ba ta bari kowa ya kama mata ba. Abin da ya fito wani gishiri ne mai launin toka. Ta kankare shi a hankali ta zuba a ludayin Inna, bai kai baki ba.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, “Rabi. Ashe da gaske taka yi.” Ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma wani abu, ta sa gefen zane ta rufe fuska.

Da ta natsu ta ce wannan ba ya isa rabo, sai dai miya. Ranar sadakar arba'in aka tuƙa tuwon dawa, aka kaɗa miyar kuka a babbar tukunya. Goggo ta tsaya a kai, ta juye ludayin da hannunta, ta hana a ƙara ko ƙwayar wani gishiri, ta hana a sa dunƙulen shago. Ta ce yau na Inna kaɗai za a ci. Yaya ya zo daga wurin haƙarsu can bayan Anka. Na faɗa masa zancen kwanon, ya dube ni kawai ya tashi ya koma cikin mutane, har ya tafi bai sake yi mini magana ba.

Aka yi addu'a, aka fito da kwanuka ƙofar gida. Ina tsaye ina kallon hannuwa na shiga miya, ina cewa a raina ga shi dai ya kai bakin mutane, ko yaya ne. Sai wani dattijo mai shago kusa da rumfata, mutumin kirki, ya ɗago kai ya ce, “Tela, miyag ga ba ta ji gishiri ba. Halan masu girkin na cikin juyayi har yanzu?” Aka ɗan yi dariya. Wani ya ce a taimaka da ɗan kaɗan.

Na shiga gida, na ɗauko ledoji biyu daga kwanon nan na waɗanda aka bari a ƙarƙashin tabarmi, na kawo na miƙa. Suka barbaɗa, suka ci, suka sa albarka. Ni na ja nawa kwanon gefe na cinye shi yadda yake, na suɗe.

Da na mayar da kwanuka, Goggo na zaune bakin murhu da ludayin a cinya. Ta ce, “Sun ci?”

Na ce sun ci.

“Mi sunka ce?”

Ƙarya ta zo mini har baki, irin wadda na saba. Na haɗiye ta. Na ce, “Sun ce ba gishiri.”

Ta gyaɗa kai ta ce, “Ai ba su yi ƙarya ba.”

Ya Allah, ka jiƙan Inna, ka yalwata mata makwanci. Kai ka san yawan abin da ta zuba a tukunyar nan, kaka bayan kaka. Ka auna mata da shi, kada ka auna da abin da na kawo.